Ƙwaya ɗaya suka sha, wan ya tashi ƙanen ya kwanta

Baban Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai fahimtar da ni wani abu, don tun makon jiya ban yi barcin kirki ba. Yarana biyu maza, Nura da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, suka kwana da zazzaɓi da zafin fitsari. Ban kai su likita ba, na sayo musu ƙwayoyi wajen mai tebur a bakin kasuwa, irin waɗanda aka zare daga kwali aka ƙulla a leda. Iri ɗaya suka sha. Nura kwana biyu ya warware. Ƙaramin kuwa a rana ta uku fitsarinsa ya koma kamar shayi mai kauri, idanu suka yi rawaya, ko tsayuwa ba ya iyawa. Sai da aka yi masa ƙarin jini. Alhamdu lillahi yana gida yanzu. Likitan ya rubuta mini G6PD a takarda, ya ce yaron yana da ƙarancinsa, gado ne, kuma ta wajen uwa yake zuwa. Tun da maganar nan ta fita gidan ba daɗi, dangina sun fara cewa jinin gidan su matata ne ba shi da kyau. In gado ne, yaya aka yi Nura ya tsira? Kuma me zan hana yaron nan ci ko sha?

Malam Isufu mai farmasi: Wa alaikumus salam. Sannu Baban Nura, Allah ya ƙara masa lafiya. G6PD wani sinadari ne da jiki ke ƙerawa da kansa. Yana zaune cikin jajayen ƙwayoyin jini, aikinsa kare su daga wata lalacewa mai kama da tsatsar ƙarfe. Wasu magunguna in sun shiga jini suna ƙara wannan tsatsa. Mai isasshen G6PD ba ya ma sanin an yi. Wanda nasa ya yi ƙaranci, sai ƙwayoyin jinin su riƙa fashewa. Abin da ya zubo daga cikinsu shi ya rina fitsarin, shi kuma ya sa idon rawaya.

Umarnin ƙera shi yana rubuce a kan wani sashe na gadonmu da ake kira X. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwarta ɗaya daga ubanta. Namiji ɗaya gare shi, daga uwa yake samunsa. In uwa tana da ɗaya lafiyayye ɗaya mai rauni, kowane ɗa namiji da ta haifa ɗaya daga cikin biyun zai ɗauka. Mai yiwuwa Nura lafiyayyen ya ɗauka. Amma ka kai shi a auna, kada a zauna a kan zato.

Magungunan da aka fi tsoro su ne primakin, dapson, nitrofurantoyin da ake bayarwa don ciwon fitsari, da bulu na metilen. Ka sani kuma zazzaɓi mai tsanani shi kaɗai yana iya tayar da abin, ko ba a sha komai ba. Ka riƙe takardar nan, duk inda za a rubuta masa odonas a nuna ta tukuna.

Hajiya Rabi ungozoma: Baban Nura ɗana, ka gaya wa danginka su ji tsoron Allah. Matarka ba ta zaɓi abin da aka haife ta da shi ba, kamar yadda kai ba ka zaɓi tsayinka ba. Mutane wajen miliyan 400 ne a duniya ke da wannan abu, kuma ya fi yawa a ƙasashen sauro irin tamu, don yana ɗan ba da kariya daga palu mai tsanani. In aka auna gidanku kaf ba mamaki a same shi a ɗakin mahaifiyarka.

Ni abin da ya fi damuna jarirai ne. Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa, na ga yadda ake jera kayan jariri a akwati a zuba kafur, ranar suna a ɗauko a saka masa. Jariri mai ƙarancin G6PD warin kafur ɗin nan ma yana iya fasa masa jini, shawara ta kama shi, in ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Lalle ma haka, kada a shafa wa jariri. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kwanakin farko likita ake kai shi, ba jiƙo ake ɗura masa ba.

Baban Nura: Na gode Hajiya, na gode Malam. Wani maƙwabcina ya ce har wake a hana shi. Gaskiya ne?

Malam Isufu mai farmasi: Ba wakenmu ba ne. Wani babban wake ne mai faɗi, wanda ake yin ful da shi a Masar da Sudan da Saudiyya. Alhazai sun san shi. Ƙosai da shinkafa da wake ya ci abinsa. Ranar da Allah ya kai shi Makka ne zai kiyaye.

Lawali Ɗan Gulbi: Ku yi haƙuri Malam, ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya sayi ƙwaya ba suna ba kwali, wadda ta wuni cikin rana a kan tire, sannan mu zauna muna maganar X? Wa ya san abin da ke cikinta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017, magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu ko jabu ne ko bai cika inganci ba. A 1995 lokacin sanƙarau har allurar rigakafi ta jabu ta shigo ƙasar nan ta Nijar. Mu da ke bakin iyaka mun san abin da ke ratsowa. Matsalarmu ke nan, maganar gado ta masu ƙoshi ce.

Manjo Habu: Lawali ka faɗi gaskiya rabi. In jabu ne kaɗai, me ya sa bai kayar da Nura ba? Kuma ko maganin asali ne daga farmasi, da hatiminsa da komai, yaron nan zai iya faɗawa cikin wannan hali. Akwai wani maganin palu mai suna Lapdap da aka yi musamman don Afirka, mai arha. A 2008 aka janye shi daga kasuwa, saboda dapson ɗin da ke cikinsa yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD. Ba jabu ba ne, kamfani ne babba ya yi shi.

Lawali Ɗan Gulbi: To na ji. Amma mutum nawa ne a Maradi za su iya auna gadonsu kafin su sha parasetamol?

Zainabu ɗaliba: Yaya Lawali, parasetamol bai buƙata. Magunguna ƙalilan ne abin ya yi tsanani a kansu. Amma ku ba ni dama in ƙara wani abu da muka karanta bana a jami'ar Dan Dikko Dankulodo, don ba G6PD kaɗai ba ne.

Yawancin maganin da muka haɗiya hanta ce ke sarrafa shi. A cikinta akwai wasu sinadarai da ake kira CYP, ku ɗauke su kamar injinan niƙa na unguwa. Kowane inji da irin hatsin da yake karɓa, kuma ƙarfin injin gado ne. Na wani yana gudu, na wani yana jan ƙafa, na wani ma a mace yake. Akwai guda ɗaya, CYP2D6, da ke karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na magungunan da ake rubutawa. Yadda aka gano shi ma abin mamaki ne: a shekarun 1970 wani malamin jami'a a Landan, Robert Smith, ya sha maganin hawan jini tare da abokan aikinsa don gwaji. Su ba abin da ya same su, shi jininsa ya faɗi warwas. Da aka bi diddigi sai aka ga injinsa ne ba ya aiki, kuma Turawa 5 zuwa 10 cikin 100 haka suke.

Kodin da tramol kuwa kamar gero ne da ba a surfa ba. Sai injin nan ya juya su sannan ainihin ƙarfinsu ke fitowa. Kodin a cikin jiki yake komawa morfin, wato maganin ciwo mai ƙarfi. Wanda injinsa ya mutu zai sha kodin ciwon yana nan. Wanda nasa ya cika gudu, ƙwaya ɗaya za ta zame masa kamar ya sha da yawa, har numfashi ya tsaya. A Habasha an sami kusan 29 cikin 100 masu irin wannan inji mai gudu. Dalilin haka ne Amurka ta hana ba yara ƴan ƙasa da shekara 12 kodin da tramol a 2017.

Sani mai kabu-kabu: Ƙanwata wannan magana ta taɓa ni. A tasharmu akwai yara biyu abokai, tare suka fara shan tramol don su jure aiki. Ɗaya har yau yana hawa babur, ɗayan farfaɗiya ta kayar da shi a tsakiyar titi, Allah ya jiƙansa. Mutane suka ce iska ce. Ke nan wanda bai faɗi ba jikinsa ya karɓa?

Malam Isufu mai farmasi: A'a Sani, dan Allah kada kowa ya fahimci haka. Allah ya jiƙan yaron. Tramol hanya biyu yake cutarwa. Shi kansa, kafin hanta ta juya shi, in ya taru a jiki yana kawo farfaɗiya. Bayan an juya shi kuma yana danne numfashi. Mai injin da ke jan ƙafa yana kusa da ta farko, mai injin gudu yana kusa da ta biyu. Ba wanda ya fita. Kuma mu a farmasi mai miligiram 50 muke bayarwa da odonas. Na titi 200 ne, 225, har 250. A wannan nauyin ko wane irin inji gare ka zai cije. Abokin nan da ya rage ka jawo shi ka kai shi wajen likita tun da sauran lokaci.

Sani mai kabu-kabu: Zan yi ƙoƙari Malam. Ya ce da can ƙwaya ɗaya ta ishe shi, yanzu sai huɗu. Me ke kawo wannan?

Zainabu ɗaliba: Wannan kuma ba hanta ba ce, can wajen da saƙon ke sauka ne. Jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne bila adadin, kowace kamar gida ce mai katanga. Yawancin magani ba ya shiga cikin gidan. A zaure yake tsayawa ya yi sallama. A jikin katangar akwai wani furotin da ke amsa sallamar, sai ya aiki yaro ciki, yaron ya gaya wa na gaba, har saƙo ya kai ƙurya: a rage jin zafi, ko zuciya ta sassauta, ko jijiya ta saki. Wannan dangin masu amsa sallama, GPCR, kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan duniya da su suke magana. Robert Lefkowitz da Brian Kobilka sun sami kyautar Nobel a 2012 don bayyana yadda suke aiki.

To in baƙo ɗaya ya dami gida da sallama dare da rana, sai masu gida su fara toshe kunne, har su janye masu amsawar su mayar da su ciki. Shi ya sa ƙwaya ɗaya ba ta ƙara isarsa. Ranar da ya daina kuma gidan ya riga ya saba, sai ciwon jiki da gumi da rashin barci su taso. Shi ya sa ake son a janye shi sannu a hankali a hannun likita.

Alhaji Ilya: Ɗiyata Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma ina da tambaya ga ku masu boko. Duk wannan ilimi a jikin wa aka samo shi? Ni na girme ku, ina zuwa Kano fatauci lokacin da aka yi gwajin maganin Trovan a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yanzu kuna so ku ce mu miƙa jininmu a karanta gadonmu?

Malam Isufu mai farmasi: Ranka ya daɗe, ba wanda zai ce tsoronka ba shi da tushe. Shi kansa G6PD ɗin a jikin fursunoni aka yi bincikensa a Amurka, har aka gano shi a 1956, bayan an lura primakin yana fasa jinin wasu baƙaƙen sojoji. Tarihin ba mai tsabta ba ne.

Amma ga abin da ke biyo baya in ba a duba mu ba. A manyan binciken gado na duniya, a lissafin 2019, kusan 78 cikin 100 na mutanen da aka auna jinin Turawa ne, masu jinin Afirka wajen 2 kacal. Sai a yanka awon magani a jikin wasu a kawo mana. Efabirenz na masu sida misali ne da na gani da idona a kan kanta. Miligiram 600 aka ƙayyade wa kowa. Mutanenmu suna ta kukan jiri da mugayen mafarkai, wasu suna jefar da maganin a ɓoye, ana cewa taurin kai ne. Ashe injin da ke niƙa shi, CYP2B6, irinsa mai jan ƙafa ya fi yawa a Afirka, maganin taruwa yake yi a jini. Daga baya aka gwada 400 aka ga yana aiki daidai da 600. Tun 2019 ma wani magani, dolutegrabir, aka sa a gaba. Shekara nawa mutane suka sha wahala kafin nan?

Ga kuma hawan jini. Wani likita a Abuja, Dike Ojji, ya jagoranci gwaji a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019. Ya nuna haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Wannan amsa ce da ba za ta fito daga Faransa ba.

Manjo Habu: Alhaji, ba sai mun je nesa ba. A nan Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara ta rota, wadda ke jure zafi ba sai an dogara da firji ba. Jarirai sama da 3,500, cibiyar Epicentre ta nan Maradi ce ta yi aikin, aka buga sakamakon a 2017, ta kare kusan 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani. Yaranmu ne suka ba duniya wannan amsa. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne a yi wa uwa bayani da Hausa, ta yarda da bakinta, ta san tana iya fita duk ranar da ta so.

Alhaji Ilya: To in an samo maganin, mu za mu iya sayensa?

Zainabu ɗaliba: Baba wannan tambayar ni ma tana ci mini rai. A Dalas ta Amurka an sami wasu baƙaƙen fata, wajen 2 cikin 100, da wani furotin mai suna PCSK9 ya raunana a jikinsu tun haihuwa. Kitsen jininsu ƙasa yake, ciwon zuciya bai cika kama su ba. Daga nan aka ƙera allurar da ke toshe furotin ɗin, ta fito a 2015. Gadon Afirka ne ya nuna hanya, amma kuɗinta ya fi ƙarfin talakanmu nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ganin sai namu sun shiga ɗakin binciken da kansu. Collen Masimirembwa ɗan Zimbabuwe shi ya gano wani nau'in CYP2D6 mai rauni da ya yawaita a Afirka, a 1996. Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa cibiyar neman sababbin magunguna a Kef Tawun a 2010, har maganin palu da suka samo ya kai ga gwaji a jikin mutane.

Alhaji Ilya: Ni dai har gobe saiwa da ganye na fi yarda da su. Kakanninmu da su suka rayu.

Malam Isufu mai farmasi: Ranka ya daɗe, maganin palu da muke sayarwa yau daga ganye ya fito, dangin tazargade. Wata mata ƴar Sin, Tu Youyou, ta karanta tsohon littafin maganinsu na gargajiya, ta gane tafasawa ke kashe ƙarfinsa, ta tace shi ba da zafi ba, aka ware sinadarin a 1972. Nobel ta samu a 2015. Bambancin kawai awo ne. Jiƙo ba ka san nawa ka sha ba, kuma shi ma ta hanta ɗin nan yake bi. Yaron Baban Nura kada a ba shi jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba.

Manjo Habu: Ina da roƙo ɗaya kafin wani ya kwashi rabin maganar nan ya watsa a WhatsApp. Damina na tafe, za mu fara rabon CPS, maganin rigakafin palu na damina, gida gida, na yara daga wata 3 zuwa 59. Tun 2013 ake yinsa a ƙasar nan, kuma mu da ke kwana a likita mun ga yadda gadaje suke kafin a fara. Kada uwa ta ji an ce magani na fasa jini ta ɓoye ɗanta. Abin da muka fi gani amai ne, don amodiyakin da ke cikinsa ɗaci gare shi. Wanda aka san yana da ƙarancin G6PD, ko magani ya taɓa yi masa ƙuraje masu tsanani, a gaya wa mai rabon a tura shi wajenmu mu duba. Palu da kansa ya fi komai cinye jinin yaro.

Lawali Ɗan Gulbi: Ni har yanzu ina kan bakata, in ba a kawar da teburan nan ba duk sauran magana ce. Amma na yarda a sa awon G6PD cikin abin da ake yi wa jariri tun a ɗakin haihuwa.

Baban Nura: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwar yaran duk abin da aka rubuta, ta yi kuka. Tana tambaya, ɗiyarmu mace fa, ita ma a auna ta? Malam Isufu, akwai sauran ƙwayoyin guda huɗu a ledar, ƴan rawaya ne, da wasu haruffa a jiki.

Malam Isufu mai farmasi: A auna ta. Mace tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, wata kuma nata yakan yi ƙasa har magani ya taɓa ta. Shi ƙaramin in ya yi aure, yaransa maza ba za su gada daga wajensa ba, amma matan duka za su ɗauka, sai a gaya masa in ya girma. Ƙwayoyin kada ka zubar, ka kawo mini su gobe bayan la'asar mu ga ko haruffan za su nuna mana ko mene ne.

Hajiya Rabi ungozoma: Ɗana ka turo mini kwatancen gidan ta ciki. Jibi in Allah ya kai mu zan zo in gaishe da Inna, mu zauna mu biyu. Ka ce wa matarka ta fito da akwatin kayan yaran in duba ko da kafur a ciki.